Dandamali a Gonar Malam Habibullah

Duk wanda ya san Mudassir na Unguwar Talle yana yaro ya san ƙafarsa ba ta son ƙasa. Shi ne autan Malam Habibullah, mai makarantar allo a zaure da gona ɗaya tal a bakin hanyar Shanono. Tun bai isa riƙe fartanya ba babu kuka ko ɗorawar da bai san rassanta ba, har uwarsa ta gaji da salati ta bar shi da Allah. Hawan nan kuwa shi ya zame masa hanyar abinci. Da ya tasa ya tafi Kano, ya faɗa hannun wani Basiru mai kamfanin kafa dandamali, irin waɗanda ake kira in za a yi babban taro. Su zo da tireloli, su haɗa ƙarafa, su shimfiɗa katako, su rataya fitilu da lasifikoki, taro na watsewa su kwance komai su yi gaba.

Mudassir ne mai hawa can ƙololuwa, igiya a ƙugu, sifana a aljihu, yana juya kowace fitila har ta kalli inda ake so. Ya yi Kaduna, ya yi Abuja. Mawaƙan da mutanen garinsu ke ji a rediyo shi ta saman kai yake kallonsu, har ya san wanda sanƙo ya cinye wa tsakiya. In ya zo gida da Sallah bakinsa ba ya rufuwa, kuma ba ƙarya yake ba, sai dai gishirin yana yawa. Malam bai taɓa gane aikin sosai ba. In an tambaye shi sai ya ce yaron yana aikin haske, kuma za ka ji daɗin da yake ji a muryarsa. Kowace kaka yakan auna buhun gero, ya ɗinke bakinsa da hannunsa, ya ba direban motar Bici ya kai wa Mudassir. Yaron ya sha cewa a bari, akwai abinci a birni. Malam yakan ce ai gara mutum ya ci na gonarsu.

Wata shekara da rani wani attajirin falken shanu, ɗan asalin yankin, ya ce zai ƙaddamar da gidauniyarsa a mahaifarsa, kuma yana son taron da ba a taɓa gani ba. Kamfanin Basiru aka ba aikin. Basiru ya zo duba wuri ya sha mamaki, don a ƙasarmu fili ba ya zaman banza. Gida ne, gona, gida, gona, har iyakar ganinka. Filin firamare ko tirela biyu ba zai ɗauka ba. Nan Mudassir ya buɗe baki ba a tambaye shi ba, ya ce ga gonarsu a bakin hanya, an girbe, babu komai a cikinta. Gaskiyar magana so yake mutanen garinsu su ɗaga kai su gan shi a sama.

Cewa babu komai a gonar kuwa son kai ne. Tun bayan girbi Malam ke jidar taki da jakinsa, mangala bayan mangala: kashin awaki, tokar murhu, sharar gida, da na shanun da ya roƙo a ruga. Ya jere shi tsibi-tsibi a faɗin gonar yana jiran ruwan farko. Ƙasar da ake nomawa kowace shekara tun kakanni, ba hutu, da wannan takin take numfashi. Gidan kuma da wannan gonar yake ci.

Da Mudassir ya durƙusa ya kawo maganar, abu ɗaya Malam ya tambaya.

"Takin fa?"

"Ba abin da zai taɓa shi, Baba. A gefe za mu kafa."

Malam ya ce to, kai ka san gona, ka kuma san aikinku. Washegari ya tafi Rimin Gado zaman makokin wani abokin karatunsa.

Tirelar farko na sauka daga kwalta ta nutse a rairayi har gindinta. Basiru ya yi ta faɗa a waya, kafin azahar ga gireda mai ture ƙasa, ga tifofi ɗauke da jar marmara. Ma'aikatan, yawancinsu 'yan birni, suka tsaya suna toshe hanci. Wani ya dafa kafaɗar Mudassir yana dariya, ya ce ashe a kan juji aka haifi babban injiniya. Basiru ya nuna tsibin da baki ya tambaya ko sharar nan tana da mai ita.

Amsar ba ta da wuya. Mudassir ya san kowane tsibi, yana yaro shi yake kora jakin. Ya san marmara in ta shiga gona ta sha taya, sai dai diga. Amma ya dubi abokan aikinsa, waɗanda ya daɗe yana gaya wa cewa gidansu gidan malamai ne, ya ji ba zai iya buɗe baki ya ce wannan kashin awakin shi ne arzikin ubansa ba. Ya kawar da kai ya ce a ture shi. Gireda ta tattara aikin rani guda ta zuba a kwazazzabon bayan gona, tifofi suka juye, aka daddale tsakiyar gonar. Shi da kansa ya ja igiyar awo, don aikinsa ba ya karkacewa.

Kafin Malam ya dawo dandamali ya tsaya, an rufe ƙasa da darduma, an jera kujeru. Ranar taro mutane suka zo daga Bici, daga Shanono, daga ƙauyukan da ko sunansu ba ka sani ba. Bayan magariba aka kunna fitilu, garin ya zama kamar rana, tsofaffi suna ta tasbihi. Yara suka hango Mudassir a sama suka dinga kiran sunansa. Aka zaunar da Malam a sahun gaba a matsayin mai masauki, Mudassir ya juyo masa da babbar fitila, tsohon ya kare ido da hannu yana murmushi. Abin da Mudassir yake nema ya samu, har da ƙari, amma ko tuwo bai iya ci ba ranar.

Da aka naɗe darduma sai ga abin a fili: jan dandali mai tauri kamar daɓen ɗaki, da baƙin tabon mai inda janareta ya zauna. Mudassir bai shiga gida sallama ba. Ya haye bayan tirela ya kwanta tsakanin lasifikoki har suka wuce Bici. Bayan nan in Malam ya kira shi a waya, gaisuwa ce da addu'a, ko sau ɗaya bai ambaci gona ba. Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Sallah ta zo, ya ce aiki ya riƙe shi.

Sai tsakiyar damina ya je, da yayarsa Hafiza ta haihu ba yadda zai yi. A mota ya ji wata mata ta ce wa kwandasta a sauke ta a Dandamali. Ashe sunan wurin ke nan yanzu. Ya leƙa ta taga. Geron maƙwabta ya fi mutum tsawo, baƙi-ƙirin don ƙoshi. Nasu ya tsaya iya gwiwa, ya yi rawaya, a tsakiya kuma ga jan filin nan da kusurwoyinsa huɗu, a miƙe sak yadda ya auna shi. A cikinsa wani tsoho yana ɗaga diga yana saukewa.

Mudassir ya sauka da sabuwar shaddarsa, ya durƙusa, ya karɓi digar. Ya daɗe yana sara kafin maganar ta fito.

"Baba, ni na ce a ture takin."

"Na sani," in ji Malam. "Mai gireda ya zo washegarin taro ya ba ni haƙuri. Ya ce shi ma ɗan manomi ne."

Malam ya koma yana loda marmara a mangala. Mudassir ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Baƙon da bai san sunan garin ba ya dawo ya durƙusa, shi ɗan gida ya gudu a bayan mota. Ya zauna kwanaki yana sara har tafin hannunsa ya fashe, suka kwashe abin da suka iya. Amma lokacin shuka ya riga ya wuce, takin kuma ruwa ya daɗe da tafiya da shi.

Da kaka ta yi Hafiza ta gaya masa a waya cewa bana rumbu ɗaya aka buɗe, shi ma bai kai rabi ba, har an fara haɗa tuwo da rogo. Yana cikin haɗa kuɗin da zai aika, yana tunanin yadda zai sa Malam ya karɓa, sai direban motar Bici ya kira shi ya ce ya zo tasha yana da saƙo.

Buhu ne, cike dam kamar kullum, da ɗinkin hannun Malam a bakinsa. Direban ya ce tsohon ya ce a gaishe shi, a kuma ce ya yi haƙuri, geron bana bai yi ƙwari ba. Mudassir, da yake saɓa lasifika shi kaɗai ya hau tsani da ita, ya tsugunna a gaban buhun ya kasa ɗagawa. Direban ya ɗauka nauyi ne, ya kira masa mai baro.