Akwatin da Goggo Arlene Ta Dawo da Shi

Duk lokacin da Arlene Bruckner ta hau tudun Kessler da farar bas ɗinta, sai ta rage gudu ta ce da wanda ke kusa da ita, "Wata rana tudun nan zai kassara mutum, ku rubuta ku ajiye." Ta faɗa a taron ƙaramar hukuma, ta faɗa a shagon abincin dabbobi, ta faɗa a bakin ƙofar kowa. Hanyar ƙunci gare ta, kuma mai mota ba ya hango keken doki sai ya sha kan tudun. Mun ji, mun ce tsufa ne ya sa Goggo yawan mita. Ba wanda ya faɗaɗa hanyar.

Shekara talatin da huɗu ke nan tana tashi ƙarfe biyar na asuba. Ta sha baƙin kofi a tsaye, ta saurari saƙonnin da maƙwabtanmu Amishawa, Kiristocin da aƙidarsu ta hana su tuƙa mota ko ajiye tarho a gida, suka bar mata daga ɗan ɗakin tarhonsu na bakin hanya, ta rubuta sunaye a bayan tsohuwar ambulan, ta fita. Doki yana kai su ibada da gidajen dangi na kusa, amma duk tafiyar da ta fi ƙarfin doki ta Arlene ce: asibiti, kasuwar shanu, likitan haƙori, jana'izar kawu a wata jiha. Ba ta kunna rediyo. Ba ta tambayar abin da ba a faɗa mata ba, kuma abin da aka faɗa a motarta a nan yake mutuwa.

Ungozomar yankinmu ta shaida cewa yara uku aka haifa a kujerar baya ta bas ɗin nan, biyu daga cikinsu yanzu magidanta ne masu gemu. Mai shagon ƙarafa ya ga ranar da ta bi bayan motar kwashe dusar ƙanƙara har mil tara don ta ɗauko wani tsoho da bijimi ya take. Wasu za su faɗi nasu. Ni abin da ya faru a gidana zan faɗa, ko da yake ban fita da kyau a cikinsa ba.

A watan Nuwamban da ya wuce, 'yata Tessa, mai shekara goma sha tara, ta fita a mota da sassafe za ta aikinta a gidan kula da tsofaffi. Gari bai gama wayewa ba, hazo ya rufe kwari. Tana shan kan tudun Kessler ta tarar da keken dokin Mahlon Borntreger, ɗaya daga cikin Amishawan, a gabanta, ta buge shi. Gonarsa ce ke bayan tamu. Dokin ya mutu nan take. Mahlon ya karye a gadon baya, aka tafi da shi asibitin birni, tafiyar awa biyu. Tessa ko ƙwarzane ba ta yi ba. 'Yan sanda suka auna hanya suka ce ba ta yi gudu ba, ba ta taɓa waya ba.

Daga ranar ta shige ɗaki. Ta bar aiki. Abinci sai uwarta ta zauna a kanta, ta ci loma uku ta ture. Tagar ɗakinta tana kallon gonar Mahlon, sai ta rataya bargo ta rufe ta. Idan ta ji ƙarar kofato a kan kwalta sai ta toshe kunnuwa, kuma a hanyarmu ba a awa guda ba a ji kofato ba.

Ni kuma tsoro ya kama ni. Lauyan da kamfanin inshora ya haɗa ni da shi ya ce kada mu je, kada mu rubuta, kada mu ce a yi haƙuri, don kowace kalma tana iya zama shaida a kotu. Shekara ashirin ina zaune da mutanen nan, ban taɓa jin sun kai wani ƙara ba, amma na bi maganar wanda bai taɓa taka hanyarmu ba. Ranar Lahadi ta biyu, Lovina matar Mahlon ta zo da surukinta a keken doki. Ina kallonsu ta bayan labule. Suka ƙwanƙwasa, suka jira, suka sake ƙwanƙwasawa. Ban buɗe ba. Suka ajiye wani akwatin kwali a baranda suka tafi. Washegari na ba wa Arlene akwatin, ko buɗewa ban yi ba, na ce ta mayar musu. Ta dube ni ta saman tabarau, ta karɓa.

A lokacin ita ce ke kai Lovina asibiti ranakun Litinin, Laraba da Juma'a. Sati uku bayan haka, wata Laraba da safe, na ji bas ta tsaya a ƙofar gidana. Arlene ta shigo rungume da akwatin nan, ta dire shi a kan teburin cin abinci.

"Dale, ka san abin da ka ba ni in mayar?"

"Goggo, lauya ya ce..."

"Lauyanka ya taɓa tatsar saniya? Buɗe."

Na buɗe. Ƙananan ƙunshi ne a naɗe da takarda, guda talatin, kowanne da lamba. Na san al'adar. Idan wani ya kwanta jinya mai tsawo, matan cocinsu sukan haɗa masa irin wannan akwati, ya riƙa buɗe ƙunshi ɗaya kowace safiya don ya sami dalilin jiran gobe.

"Ai na Mahlon ne wannan," na ce. "Kuskure suka yi."

"Mahlon yana da nasa a gefen gado. Biyu suka haɗa, don a lissafinsu mutum biyu suka ji rauni a tudun nan. Kai kuma ka tsaya bayan labule kamar kaza ta ga shaho. Tun kana cin ƙasa na san ka, ban san haka za ka girma ba."

Ta ce ba ta mayar da shi ba, a bayan motarta yake tun ranar, don ba za ta iya kallon idon Lovina da shi a hannu ba. Sannan ta wuce ni ta hau bene, gwiwoyinta suna ƙara, ta tsaya a ƙofar Tessa. Ba ta lallashe ta ba.

"Ke yarinya, tashi ki sa riga. Idona ya fara cin amanata. Hanya ina ganinta, amma allunan cikin birni sun zama kamar rubutun likita. Ina son mai karanta mini su."

Can muka ji muryar Tessa, wadda muka kwana biyu ba mu ji ba. "Wa ke cikin motar?"

"Kin san wadda ke ciki."

"Ba zan iya ba, Goggo."

"To shi ke nan. In na ɓace da matar mutane a birni, sai ki ji a gari."

Na ɗauka dabara ce kawai irin ta tsofaffi. Daga baya na gane gaskiya ta faɗa, likitan ido ya riga ya gaya mata wannan hunturun ne na ƙarshe da za ta yi tuƙi. Bayan minti goma Tessa ta sauko, rigar sanyi tana lilo a jikinta saboda rama. Na bi su na zauna a kujerar ƙarshe, ba wanda ya gayyace ni.

Lovina tana zaune a tsakiya da baƙin mayafinta, jaririyarta a cinya. Tessa ta tsaya a bakin ƙofar motar. Lovina ta dube ta daga sama har ƙasa ta ce, "Kai, Tessa, ba sa ba ki abinci a gidan nan ne?" Ta matsa gefe. "Riƙe mini ita, hannuna ya sage." Ta ɗora mata jaririyar kafin ta sami damar ƙi.

Allunan birni dai Arlene ta karanta abinta da kanta, tana tsaki tana kusantar da fuska ga gilashi, don Tessa ba ta je kujerar gaba ba. Tun a farkon tafiya, da muka zo tudun Kessler, Tessa ta sunkuyar da kai tana kuka a kan hular jaririyar. Lovina ba ta ce ta daina ba. Ta dai ci gaba da ba ta labarin yadda maza goma sha biyu suka zo suka kwashe masarar Mahlon a yini ɗaya, da yadda ƙaninsa ya kasa tatsar wata saniya mai harbi har ta jefa shi cikin bokiti.

A asibiti na tsaya a bakin ƙofa. Mahlon yana kwance ɗaure da ƙarafa, ya faɗa ƙwarai. Ya ga Tessa ya ce, "Kin zo? Zauna. Dokin nan dama ya tsufa, ga taurin kai, na daɗe ina neman wanda zai raba ni da shi." Ba wanda ya yi dariya sai shi, dariyar ma ta ƙare da tari. Tessa ta ce, "Kawu Mahlon, ka yafe mini." Ya ce, "Wannan an gama shi tun a kan kwalta. Kin buɗe ƙunshin farko na akwatinki? Lovina ta ce safa ce, ni na ce zuma." Sai ya hango ni. "Dale, ƙofarka ta gyaru? An ce mini ta ƙi buɗuwa." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Goggo Arlene, ke ce kika ajiye akwatin nan sati uku a bayan motarki kina jiran in yi hankali, da kika ga ba zan yi ba kika zo da kanki. Ke ce kika hau benen da ni uban yarinyar nake tsayawa a ƙasansa ina saurare kawai. Direbar marasa mota, kin san ƙofar kowa a kwarin nan, tasu da tamu, kin kuma san wadda ke bukatar a tura ta da ƙarfi. Ba ni da ilimin da zan tsara miki kalmomi. Na gode, matata ta gode.

Juma'ar da ta wuce Arlene ta yi tuƙinta na ƙarshe. Ta ajiye bas a rumfa, ta ce ko taro kada a yi mata, ba ta son burodin tausayi. Ku da ke da mota da ido mai kyau a hanyar nan, ku je ɗakin tarhon ku bar lambarku. Ba sai kun yi shekara talatin da huɗu ba, Laraba ɗaya ma wani abu ne. Idan kuma maƙwabci ya ƙwanƙwasa, ku buɗe, kada ku yi irin nawa.

Tessa tana cin abinci yanzu, ba da yawa ba. Ta cire bargon daga taga. Takan taka ta cikin gona ta je ta taya Lovina wanki, ta dawo ta yi shiru har yamma. Akwai ranakun da ba ta sauka daga bene ko kaɗan. Likitoci sun ce sai bazara za su iya faɗa ko Mahlon zai sake tsayawa da ƙafafunsa. Ba mu san abin da za su ce ba, kuma ban san yadda 'yata za ta ɗauka ba idan suka ce a'a.