Furannin Inna Rabi a bokitaina

Jiya ina ba furanni ruwa a tsakar gida, sai ga sallamar Inna Rabi, tsohuwar da ke ƙarshen layinmu a nan unguwar Kalley. Furannin nan kuwa daga ƙofar gidanta suka fito.

Bara ne, ina dawowa daga biro, wato ofis, na ga wasu sun bushe a jikin katangarta. Na waiga ba kowa, na tsinke kawuna uku na tura a jaka. Na adana irin a takarda har damina, na shuka a tsofaffin bokitai. Da suka yi kyau, duk wanda ya tambaya sai in ce a Babbar Kasuwa na sayo.

To jiya da Inna Rabi ta shigo, ta daɗe tana kallon furannin. Na fara kame-kame: "Inna, ai a kasuwa..."

Ta ce, "Ɗiyata, ina zaune a zaure ranar da kika tsinka. Ba faɗa ya kawo ni ba. Wata biyu na yi a kwance a asibiti, nawa duk suka mutu. Irin mahaifiyata ne, daga Damagaram na zo da shi. Ko za ki sam mini kaɗan?"

Matar da na yi wa sata ce take roƙona abinta.

Na kai mata bokiti biyu har gida, tana ta sa mini albarka. Amma har yanzu bakina ya kasa roƙon ta yafe mini. Don Allah ku ba ni shawara, ta ina zan fara?