Wandunan 'Yan Tsohuwar Taya

Laraba: daga Kano

Ana kiran assalatu na fito daga gida da jaka ɗaya da ƙullin kilishi. Mai adaidaita sahu ya sauke ni a filin jirgi gari bai gama wayewa ba. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci, ga labarin da kuka ce in rubuto muku.

Tafiyar ba ta saro kaya ba ce. Yayata Hajiya Binta ce ta aike ni. Ɗanta Nura ya daɗe yana aiki a shagon kayan gyaran mota a Dubai, sai aka nuna mata hotonsa a waya yana riƙe da sanduna biyu, wandonsa a yage, gwiwoyi duk a waje.

"Ka je ka gano mini," in ji ta. "In talauci ne ko lalacewa, ka sako shi gaba ku dawo tare. Ban haifi ɗa don ya yi yawo da tsumma a ƙasar mutane ba."

Mun yada zango a Addis Ababa, inda na sha shayin da kuɗinsa zai ciyar da gidana karin kumallo. Washegari da hantsi muka sauka Dubai.

Alhamis: Satwa da Ras Al Khor

Nura ya tare ni cikin farar jallabiya, har da turare. Na dubi gwiwoyinsa, na ga a rufe suke. Tasi ta kai mu Satwa, unguwar teloli, inda yake zaune da abokansa biyu: Isufu mutumin Maraɗi, mai ɗaure kaya a kasuwar Murshid, da Rodel ɗan Filifin, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki.

Da yamma suka kai ni wani sito a Ras Al Khor mai cike da tsofaffin tayoyi. Nura ya zauna bayan ganguna, su biyun suka rataya gita. Suna farawa na zaci injin ne ya ɓaci. Sai da na daure na ji ashe akwai waƙa a ciki, amshinta ma da daɗi.

"Kawu, sunansa pop punk," in ji Nura.

"To wa ya ɓata muku rai haka?"

Isufu ya yi dariya ya ba ni tarihinsu. Wai a lokacin hutun rana Nura yake dukan durom ɗin mai da sifana, Rodel ya zo gyara a shagon ya ji, washegari ya dawo da gitarsa. Wasansu na farko a walimar sallamar wani abokin aiki ne, kuma kafin waƙa ta uku maƙwabta suka kashe musu wuta. Mawaƙinsu na asali bizarsa ta ƙare ya koma gida, aka tura Isufu gaba don shi ya fi kowa baki. Sunan ƙungiyar Tsohuwar Taya, saboda a kan tayoyin nan 'yan kallonsu na farko suka zauna. Waƙoƙinsu kan zafin rana ne, da jiran albashi, da uwa mai bugo waya ana tsakiyar aiki. Yanzu an gayyace su taron ƙananan ƙungiyoyi ranar Asabar, karo na farko da za su hau dandamali na gaske.

Juma'a: wurin tela

Da safe duk suka tafi aiki suka bar ni. A bayan ƙofa na ga wanduna uku a rataye, baƙaƙe, kowanne ya fi ɗan'uwansa yagewa, wani ma da fil aka kama shi. Zuciyata ta karaya. Na ce ashe yaran nan jallabiyar aro suke tarar baƙo da ita. Babba ba ya ganin tsiraicin yaro ya yi surutu, rufewa yake yi. Na naɗe su na sauka wurin wani tela Bapakistane.

Ya ɗaga wando ɗaya, ya dube ni. "Duka, habibi?"

"Duka. Kada ka bar ko ƙofar allura."

Ya girgiza kai, ya hau keken ɗinki. Bayan sallar Juma'a na karɓo su an toshe kowace ɓaraka, an yi guga, har da kari a gaba kamar na ma'aikacin banki. Na mayar da su inda suke, ina jin daɗin kaina.

Asabar: ranar wasa

Da azahar na ji Isufu ya yi salati. Ya fito da wandonsa a hannu kamar an yi masa mutuwa.

"Tonton!" Haka yake ce mini, wato kawu da Faransanci. "Wata biyu ina goga gwiwar nan da dutse kafin ta yi kyau!"

Sai a lokacin aka fahimtar da ni cewa yagar ado ce, kayan wasa ne, kamar babbar rigar maroƙi. Rodel ya ɗauko almakashi. Ni dai na zauna, kunya ta rufe ni.

Nura ya riƙe hannun Rodel. "Ku yaga naku. Nawa kawuna ne ya kai ɗinki, haka zan sa shi."

"Za a yi mana dariya, mon frère, ɗan'uwana," in ji Isufu.

"A yi."

Isufu ya juya wandonsa, ya dube ni, ya karɓi almakashin daga hannun Rodel ya ajiye. "Yalla, halas, shi ke nan. Yau 'yan banki za su yi wasa."

Bayan la'asar suka hau dandamali da karin guga. An kuwa yi dariyar. Isufu ya karɓi makirufo ya ba da labarin da Turanci, ya nuno ni, ɗakin ya ɗauki tafi, wasu masu koren gashi suka zo suna ɗaukar hoto da ni. Daga nan Nura ya buga sandunansa, samari suka hau tsalle suna bangazar juna. Na ja kujerata gefe na ɗauki bidiyo.

Litinin: gida

Nura ya rako ni filin jirgi. Da muka isa ya ce, "Kawu, me za ka ce wa Umma?"

Na ce gaskiya.

Ban wuce gidana ba sai da na biya wa Yaya. Ta leƙa bayana ta ga ba kowa. Na ce mata yaron yana aikinsa, yana sallarsa, yagar wando kuwa da gangan ce. Na ba ta labarin almakashi, na ce wanda ya yarda a yi masa dariya a bainar jama'a don kada kawunsa ya ji kunya, ban ga abin da zan dawo da shi gida in gyara ba.

Ta karɓi wayata ta kalli bidiyon har ƙarshe, fuska a ɗaure, amma ina ganin yatsan ƙafarta yana motsi.

"Wannan ai faɗa ne da tukwane," in ji ta. "Haka ya lotsa mini murfin tukunya yana yaro. A bar shi can ya lotsa na Larabawa." Ta miƙo mini wayar. "Amma telan nan ya iya kari."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa 'yan Tsohuwar Taya da suka yafe mini. Isufu ya aiko cewa ya fara neman dutse.