Shabalen Kawu ta je Abu Na'ama

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na bayan Managil, ni da Kawu, a tsohuwar motarsa Shabale ta ɗaukar kaya. Tun da ciwon suga ya cinye masa ƙafar hagu, ita kaɗai yake iya tuƙawa, don atomatik ce, ba ta da kuloci. Wata biyu ke nan tana shanye man giya tana fitar da farin hayaƙi. 'Ya'yansa biyar suka ce a sayar wa masu sayen ƙarafa. Ba zan ɓoye ba, har da bakina a ciki.

Tafiyar hawainiya muka yi a gefen magudanan ruwa, muna tsayawa muna ƙara mai. Jaki ɗaya ya wuce mu sau biyu, mai shi har da ɗaga hannu. A Makwar muka karya da wake da mai, wanda suke kira ful. Ya yi tsada, amma mai sayarwa ba ta yi rowar albasa ba. Nan batir ya ƙi, matasa suka taso za su tura. Kawu ya ce, "Ku huta, 'ya'yana, wannan ba ta tashi da turi." Sai da muka ari batir.

Bayan azahar muka isa Abu Na'ama, wurin wani tsohon bakanike Bahaushe da aka kwatanta mana. Bai tambayi shekarar motar ba. Ya shimfiɗa buhu, ya shiga ƙarƙashi, ya shafa farantin giya. Ya ce mai kusurwa huɗu ne da aka gutsure gefe ɗaya, noti goma sha uku, ya san danginta. Ya zare wani siririn tiyo, jan mai ya ɗigo. Ashe wata 'yar roba ce ta fashe, injin yake tsotse man yana ƙonawa.

Da ya canza ta, ya juyo kaina. "Kai, ɗan nan, ana auna man nan injin na aiki, ya yi zafi. In ja ne kamar karkade, wato zoɓo, alhamdu lillahi. In ya yi baƙi yana ƙauri, ka kawo ta. Kuma kada wani ya zuba mata baƙin mai."

Washegari muka juyo. Giya na shiga ɗaya bayan ɗaya ba gargada, Kawu na ƙirgawa a hankali. Da muka iso bai nufi gida ba, gonarsa ya wuce, wadda rabonsa da ita wata biyu. Ya kashe mota ya daɗe yana kallon dawarsa ta taga.

Kunya ta kama ni sosai. Na koyi cewa kafin ka ce wa mutum ya rabu da abinsa, ka fara durƙusawa ka leƙa ƙarƙashi. Mu shida muka yanke wa motar nan hukunci, babu wanda ya yarda rigarsa ta taɓa ƙasa.