Sai Majalisa Ta Zauna

Duk wanda ya san kakana Malam Sale a Ɗanzomo ya san yadda yake ɗaga sanda. Ka zo masa kana huci, ko da kaza ce ta zubar maka da koko, sai ya ɗaga sandar nan sama ya ce, "Tsaya! Majalisa ta zauna?" Haka za ka tsaya, bakinka cike da masifa, babu inda za ka sauke ta.

A kasuwar Maigatari ya kwaso wannan ciwo, lokacin yana dillancin dabbobi. Wani ɗan boko ya ji yana bayani a rumfar mai shayi, wai a tsarin mulkinmu shugaban ƙasa da kansa ba shi da ikon ƙaddamar da yaƙi sai majalisun nan biyu sun zauna tare sun amince. Wayyo, abin ya yi wa tsohon nan daɗi! Ya dawo gida ya tara mu, ya ce daga yau gidan nan jamhuriya ne. Shi ne shugaba, babu zaɓe. Yayarsa Iya Hansai ita kaɗai ce majalisar dattawa. Matarsa Inna Delu da surukai da mu jikoki mata, majalisar wakilai. Babban ɗansa Baffa Idi, wanda zuciyarsa take a kusa, aka ba shi shugaban sojoji.

Na ce, "Angona, ni ina ce uwargidan shugaban ƙasa za ka naɗa ni?"

Ya ce, "Amarya, ke da ba ki iya dama fura ba? Ai sai ƙasa ta wargaje."

Shi dokar ta fara ci. Zabin maƙwabcinmu Malam Habu suka sa riɗinsa a gaba, ya zo tsakar gida yana neman izinin yaƙi, har da danƙon harbi a aljihu, tsofai-tsofai da shi. Majalisa ta zauna a gindin turmi. Abin da bai sani ba, matar Malam Habu tana aiko wa Inna Delu ƙwan zabin nan duk damina. Aka kaɗa ƙuri'a, ko hannu ɗaya bai samu ba. Surukansa kuwa kunya ba ta barin su haɗa ido da shi, sai daga bayan zana suka yi ta cewa a'a. Ya dube mu ya ce, "An saye majalisa!" Amma danƙon nan ya ajiye shi. Washegari aka dafa ƙwan, shi ya cinye rabi.

Sai shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauko wa gero. Ya kafa dokar ta-ɓaci: babu barcin rana, babu zuwa biki, kowa ya ɗauki gwangwani ya tafi gona. Muka yarda, don tsuntsayen sun yi yawa. To, tsuntsaye suka tafi, aka yi girbi, aka ɗaure damma, doka tana nan daram! Dalili kuwa, a ƙarƙashinta gwangwanin sukari a ɗakinsa yake kwana, wai don tsaro. Mutumin da likita ya hana shan zaƙi!

Inna Delu ta shiga ta ɗauko abinta. Ya ce, "Delu, juyin mulki ne wannan!"

Ta ce, "Malam, da bakinka ka ce dokar ta-ɓaci tana da wa'adi, in majalisa ba ta sabunta ba ta mutu. Wa ya sabunta?"

Ya ce, "Laifina ne da na koyar da ku."

Sau ɗaya tak wasan nan ya tashi daga wasa, shekarar da aka rufe boda, ana ta raɗe-raɗin yaƙi tsakaninmu da Nijar. Shanun Jauro Buba, wanda rugarsa take bayan gonarmu tun kafin a haife ni, suka kuɓuce wa 'ya'yansa suka share mana wake ƙarƙaf. Waken da gidan yake sa rai da shi! Na ga Baffa Idi ya fito da gora, samarin unguwa a bayansa, wani har da adda. Mu kuwa mun san yadda irin wannan take ƙarewa a wasu garuruwa.

Kaka ya tsaya a ƙofar zaure ya ɗaga sanda. "Majalisa ta zauna?"

Baffa Idi ya ce, "Baba, don Allah, yau ba ranar wasa ba ce!"

"Wa yake wasa? Ni da nake shugaba ba na taɓa ko zabo sai da izini. Kai wane ne? A kira majalisun duka biyu."

Ga majalisar wakilai a tsakar gida. Majalisar dattawa kuwa tana can Nijar, ta tafi sunan tattaɓa-kunnenta, boda a rufe. Baffa Idi ya ce a kira ta a waya. Kaka ya ce zama aka ce, ba a zama a cikin waya. Samari suka tsaya cirko-cirko har rana ta dake su, ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Shi kuwa ya zura babbar riga ya ɗauki goro ya nufi ruga, yana cewa hulɗar jakadanci ba ta buƙatar izinin kowa. Abin da suka ƙulla da Jauro shi ne, shanun za su yi rani a gonarmu suna zuba taki, a kuma kawo bijimi a yi mana huɗa da damina.

Sai da damina ta zagayo, gero ya yi tsawon mutum, Iya Hansai ta dawo a kan babur. Baffa Idi ya je gaishe ta, ya ce cikin zolaya, "Gwaggo, kin hana mu yaƙi."

Ta ce, "Ni? Boda ta taɓa hana ni zuwa gida? Duk ranar kasuwa ina shirin tahowa ta bayan gona, sai ga ɗan acaɓa da goro da saƙon ubanka: majalisa ta ci gaba da hutu!"

Kaka yana zaune yana jin su. Ko kunya! Cewa ya yi, "A nuna mini sashen da ya hana aika wa yaya goro."

Bara ya rasu, bayan sallar azahar, sandar tana jingine a gefensa. Ina leƙe daga zaure aka fito da shi. Baffa Idi ne riƙe da makara ta dama, babban ɗan Jauro ta hagu, kafaɗa da kafaɗa. A nan kukan da nake riƙewa ya ƙwace mini.

Allah Ya jiƙan angona. Yadda ya tsaya a ƙofa ya tare mana fitina, Allah Ya buɗe masa ƙofar rahama, Ya sa ya huta. Amin.