Mumuni Mai Dagi da Kunkurayen Maƙabarta

Da an sallame sallar asuba, Malam Mumuni ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci. Gida yake shiga ya ɗauki tsohon masaki da matarsa Bintu ta tara masa ɓawon guna da ganyen wake, ya rataya gorar ruwa, ya nufi gabas da gari. Baƙo zai ɗauka awaki yake kai wa abinci, alhali maƙabarta yake zuwa. Shi ne mai haƙar kabari a ƙauyenmu, can bakin Gulbin Kaba a ƙasar Mayahi, tun kafin a haife ni. Bana gwiwa ta ƙi, ya miƙa dagi da hauya ga masu ƙarfi. Masakin ne kaɗai ya hana kowa.

Ni ɗan garin ne da suna kawai. Ina goye iyayena suka gudu da ni lokacin fari na shekarar tamanin da huɗu, a Tasawa na girma, kuma kunkuru a wurina abin tatsuniya ne da littafin lakkwal, wato makarantar boko. Bara na je jana'izar kawuna Salifu. Muna cikin mayar da ƙasa sai na ga wani abu kamar an kife turmi yana tafiya a ƙarƙashin magarya. Wallahi kunkuru ne, da ransa. Na sake dubawa, ga wani, ga wani can, ga ƙanana kamar tafin hannu suna bin inuwa. Na juya in ga ko mutane za su watse, sai na ga ni kaɗai ne baki buɗe. Kuma wurin da kansa daji ne sosai, gawo da aduwa da goriba sun haɗe kai, tsuntsaye suna ta hayaniya kamar ba a san mutuwa ba.

Irmiya ne ya ba ni labarin. Kirista ne, manomi, gonarsa tana jingine da shingen maƙabartar, kuma duk abin nan a kan idonsa aka yi. Ya ce a zamanin soja, icen da ke gonarka ma ba naka ba ne. Ka sare reshe, 'yan gandun daji su zo da gardi, dogaran gwamnati, su tafi da kai. Sai mutane suka gano dabara: tun tsiro yana ƙarami a tumɓuke shi, kada ya girma ya jawo wa mai gona masifa. Da hannunmu muka aske ƙasar, in ji shi, sannan fari ya zo ya ƙarasa. Kunkuru ya rasa inuwa ya rasa ciyawa, ya fito fili. Masu yunwa suka ci, wasu suka zuba a buhu suka bai wa fatake.

A garinmu akwai abu ɗaya da yunwa ba ta karya ba: abin da ya shiga maƙabarta ba a fitar da shi. Ko ƙirare mace ba ta tsinta a can, ko da tukunyarta za ta kwana sanyi. Mumuni ya san haka fiye da kowa. Sai ya riƙa bin tungayen da aka watse, inda ya ga kunkuru ya saɓo shi a ka, ya tsallaka shinge ya ajiye. Irmiya ya ce ya taɓa tare shi da rana tsaka, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, yana ɗauke da nama mai rai a kai.

"Na ce mai, Mumuni, gidanka ba a ɗora tukunya ba yau, ina za ka da wanga? Ya ce, Irmiya, mutane dai na binne har na gaji. Bari in kai wani abu can da rai nai."

Labari ya kai Mayahi cewa wani yana tara namun daji ba izini. Aka turo ma'aikacin gandun daji da gardi biyu da mota, a kwashe dabbobin a haɗa da mai su. A lokacin, ganin kakin gardi kawai yana sa dattijo ya cire hula. Mumuni ya buɗe musu ƙofar maƙabarta ya ce bisimilla, ga su nan, amma shi hannunsa ba ya fitar da komai daga nan. Gardin suka leƙa, suka ga sababbin kaburbura jere har ido ya gaji, suka dubi juna. Su ma 'ya'yan ƙauye ne. Babu wanda ya yarda ya fara ɗauka, motar ta koma wayam.

Abin da ya fi girgiza ni yana gaba. Kunkuru mahaƙi ne, rami yake yi mai zurfi ya ɓuya wa zafi. Wata safiya aka tarar ɗaya ya haƙa a jikin wani kabari, ya turo ƙasa waje. Gari ya tashi. Maza suka fito da sanduna da wuƙaƙe, suna cewa al'ada ta hana fitarwa, ba ta hana yankawa a ciki ba. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da iyayena ne a kwance a wurin, ban san abin da zan ɗauko ba.

Mumuni ya tsaya a kan kabarin. Na ɗiyarsa Asma'u ne, wadda ƙyanda ta ɗauke a tsakiyar yunwar, shi ya haƙa shi ya sa ta.

"Ku duba da kyau," ya ce musu. "Wanga kabarin ɗiyata ne. In akwai mai jin zahi yau, ni ne. Ku ba ni lokaci. In ya sake taɓa na wani, ni za ni riƙe muku shi ku yanka."

Ya kwanta rub da ciki a gabansu, ya zura hannu cikin ramin har kafaɗa, ya tabbatar ya karkace bai kai ga yarinyar ba. Irmiya ya ce da ya ɗago, fuskarsa duk ƙasa da hawaye, ba wanda ya iya kallonsa. Ɗaya bayan ɗaya suka juya.

Daga ranar ya fara haƙa dogon rami tsakanin kaburbura da ɓangaren itatuwa, mai zurfin tsayin mutum, yana jera gungumen goribar da fari ya kashe a ciki yana mayar da ƙasa, don kada kunkuru ya haƙa ya isa kabari. Irmiya ya riƙa jawo masa gungumen da jakinsa. Bintu ta daina yi masa magana har damina ta faɗi, ta ce ya zaɓi dabba a kan 'yarta. Ita ce yau take tara masa ɓawon guna.

Kai ne, Malam Mumuni, ka yi wannan, kai mai dagi, na Bintu, ba albashi ba lambar yabo, ba wanda ya aiko ka. Ka rufa wa matattunmu asiri, ka kuma hana a wayi gari jikokinmu suna tambaya ko kunkuru gaskiya ne.

Yanzu ƙasar ta canza. Manoma suna barin tsiro a gona suna gyara masa rassa, inuwa ta dawo, kuma shingen gabas da kansa ya ruɓe, kunkurayen suna fita da ƙafarsu. Nan ne tsoron tsohon yake, don a waje al'ada ba ta kare su. Da na koma gaishe shi bana, ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni daga Gidan Amumune ya taka birki ba zato, har na buga ƙirji a bayansa. Kunkuru ne a tsakiyar hanya. Ya sauka, kuma ga buhu ɗaure a bayan babur. Na ce a raina shi ke nan, buhu zai sa shi. Sai ya ɗauke shi da hannu biyu, ya tsallakar da shi, ya ajiye cikin gero, ya dawo yana kaɗe hannu.

"Na Baba Mumuni ne," ya ce, ya tada babur.

Na gode maka, Baba, a madadin waɗanda suka gudu da waɗanda suka zauna. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya jiƙan Asma'u. Ku kuma masu gona da masu babur na Mayahi da Tasawa, ba a ce ku haƙa rami kamar shi ba. Ku bar tsiro, ku taka birki, ku bar buhu a ɗaure.

Da na ba Malam Mumuni labarin ɗan kabu-kabun, ya tambaye ni ɗan wane ne. Na ce ban sani ba, ba ɗan garinmu ba ne. Ya sake tambaya ko na tabbata. Na ce na tabbata.

"Bintu," ya ɗaga murya. "Taho ki ji. Baƙo ne hwa, kuma bai sa shi buhu ba."