Ruwan da Gwaggo Ta Ba Mai Garaji

Jiya jikata ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, tana haddar wata kalmar Ingilishi, wai ma'anarta a zuba ƙazanta cikin ruwa ko iska har su ɓaci. Na ce gurɓatawa ke nan, kuma ni na ga matar da ta yi maganinta. Gwaggona ce, Allah ya jiƙanta.

Lokacin muna unguwar Banifandu, rijiya ɗaya muke sha. Wani mai garaji a bayan katangarmu kullum yana tuttular da baƙin mai a ƙasa. Da damina ta sauka, ruwanmu ya koma warin mota, yaranmu suka kama zawo. Mazan gidan sai cewa suke a yi haƙuri.

Ita Gwaggo ba ta iya faɗa ba, amma ba a shiga gidanta a fita ba a sha ruwa ba. Ta aika aka kira mai garajin, ta shimfiɗa masa tabarma, ta sa ni na jawo guga. Ta cika sabuwar ƙwarya, man yana ƙyalli a sama, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, ɗana. Ga ruwa."

Ya sunsuna. "Inna, ba na jin ƙishi."

"A gidana baƙo ba ya ƙin ruwa. Mu ma shi muke sha. Bisimilla."

Wallahi ya kurɓa, har idonsa ya kawo hawaye! Washegari ya sawo tano, wato duro, yana tara mansa ciki, kuma shi da kansa ya sauka ya yashe mana rijiyar.

Gwaggo, Allah ya shayar da ke ruwan Alkausara, mai sanyi, har ki ƙoshi.